Muryar Yaya Bello da Takardar da Ban Karanta Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bello makwancinsa a Kagara, ta ƙasar Goronyo. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomin albasa ne a gefen dam, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ina firamare. Duk shekara idan wannan wata ya kama, nakan tara iyali mu yi masa addu'a, mu ba da sadaka, a watse. Bana na kasa tsayawa a nan, saboda abin da na ji a tashar Rabah mako uku da suka wuce.

Ina cikin mota muna jiran ta cika, sai direba ya kunna wani saƙon murya da aka turo masa a waya. Kafin mai maganar ya gama sallama na gane shi. Muryar Yaya ce. Yana cewa za a sa haraji a kan kowane buhun albasa, kuma ruwan dam ma sai manomi ya biya kafin ya ba shukarsa. Fasinjoji suka hau Allah-wadai, a zatonsu maganar dokokin harajin da ake jayayya a kansu yanzu ce. Ba wanda ya san mai maganar ya daɗe a ƙasa. Ba kuma wanda ya san mutumin da ya rubuta masa kalmomin yana zaune a kujerar baya.

Shekara uku kafin rasuwarsa aka ɗauki wannan murya, ana dab da wani zaɓe. Lokacin ina koyarwa a firamare, ina kuma taimaka wa wata jam'iyya da rubuce-rubuce, da fatan a tuna da ni in an ci. Wata rana wakilinta na yankinmu ya kira ni, ya ce masu mulki sun shirya wata takarda a kan kuɗin da ake karɓa a kasuwannin albasa, yana so in mayar da ita harshen da manomi zai ji a jikinsa. Na nemi ganin takardar, ya ce tana Sakkwato, kuma zaɓe ba ya jira. Sai na zauna na rubuta abin da na san zai ciji mutane. Na san tsofaffinmu ba su manta da zamanin da magidanci kan bar gari ya shiga daji in mai karɓar haraji ya iso ba. Kalmar kaɗai ta isa ta tayar da hankali. Zancen ruwan dam kuwa ba wanda ya gaya mini, ni na ƙara shi.

Wakilin ya ce saura murya, kuma a yankin nan ba muryar da aka yarda da ita kamar ta Ladan Bello. Na sami Yaya a fadama da hantsi yana gyara kwamin da yake shuka albasa. Bai yi boko ba, don haka na karanta masa. Ya dogara da fartanya ya dube ni.

"Umaru, kai kag ga takardag ga da idonka?"

"Na gan ta, Yaya."

"Har da zancen ruwa anka rubuta ciki?"

"Har da shi."

"To, in kai ka gani, ni na gani."

Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce in gaskiya ce, faɗinta sadaka ne. Aka ɗaura lasifika a kan mota, muryarsa ta zaga Goronyo, ta shiga Wurno da Sisawa, ta kai har Tursa. Mutanen da suka saba tashi sallar asuba da wannan murya ba su ga dalilin yin shakka ba.

Magana zarar bunu ce. A wata ranar kasuwa wasu samari suka far wa mai yanka rasit, wani dattijo mai suna Malam Garba, mutumin Wurno da aiki ya kawo wajenmu. Shekara da shekaru yana zaune a kan bencinsa a bakin rumfunan albasa, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga wa wani murya. Suka kira shi ɗan koren masu harajin ruwa, suka kifar da bencin, suka yi masa dukan da ya karya masa hannun dama. Hannun bai sake miƙewa daidai ba, aikin ma ya bar shi.

Jam'iyyarmu ta ci. Bayan wata biyu takardar ta zo hannuna. Abin da ke ciki shi ne a haɗa kuɗaɗen da ake karɓa a shingaye daban-daban su zama rasit ɗaya a kasuwa. Ana iya jayayya a kan ko kuɗin ya yi yawa, amma ba ruwa a cikinta ko ɗigo. Kafin albasar baɗi ta nuna, waɗanda muka zaɓa suka fito da tsarin nan dai, suka ba shi wani suna mai daɗin ji, shingayen kuma ba su tashi ba. Manoma suka riƙa tare Yaya a hanya suna tambayarsa ina alkawarin da jam'iyyarmu ta yi na hana harajin. Wasu da wasa, wasu ba da wasa ba.

Bai taɓa nuna ni ba. Da ya ji ba zancen ruwa a takardar, ya hau mota ya tafi Wurno shi kaɗai ya nemi gafarar Malam Garba. Da ya dawo ya je wurin liman ya ce a nemi wani ladan. Liman ya lallashe shi, dattawan unguwa suka taru a kansa, ya ce musu harshen da ya tara jama'a a kan ƙarya bai kamata ya tara su a kan salla ba. Ya ci gaba da zuwa jam'i, yana tsayawa a sahun baya. Ni kuwa sau ɗaya ya taɓa yi mini zancen, muna ɗaure buhuna a rumbun albasa. Ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba: "Umaru, mi ya sa ba ka ce mani ba ka gani ba?" Ya jira kaɗan, sannan ya miƙo mini igiya. Zazzaɓin da ya yi ajalinsa daga baya bai yi kwana goma ba, kuma har ya cika ban ba shi amsa ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Gardamar haraji ta cika rediyo da wayoyi. Waɗanda jiya suka rantse haraji zalunci ne, yau su ke cewa ba ƙasar da ta ci gaba ba tare da shi ba. Waɗanda jiya suka kare shi, yau su ke kuka da hawaye a madadin talaka, kuma ga alama su ne suka tono muryar Yaya suna yawo da ita. Ban ce kukan talaka ƙarya ne ba. Wanda ya sayi taki da mai na injin ban-ruwa a bana ya san inda ke masa ciwo, kuma haƙƙinsa ne ya tambayi inda kuɗinsa ke zuwa. Abin da ke tsorata ni shi ne yadda kowane ɓangare ke neman mutumin da jama'a suka yarda da shi, a ari bakinsa a ci albasa, a bar shi da warin. Yaya ba zai shiga gardamar ba. Zai so kawai a karanta masa abin da aka rubuta daga farko har ƙarshe, ba ragi ba ƙari.

Makon jiya na tafi Wurno. Malam Garba ya rasu shekara huɗu da suka wuce, sai matarsa, Inna Hajo, na samu. Na zauna a zaure na gaya mata komai, tana saurare daga bayan labule.

"Malam ya sani," in ji ta. "Ya ce ladan murya yab bayar, akwai mai alƙalami bayan shi. Ya tambayi wanka ko wane ne, yaƙ ƙi faɗi. Malam ya yafe ma wanda yaz zo. Kai kau ba ka zo ba sai yau."

Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce nata ɓangaren ta yafe, na mamaci kuma tsakanina da Allah ne.

Da-na-sani ƙeya ce. Ba ni da ikon goge saƙon nan daga wayoyin mutane, amma ina roƙon duk wanda ya same shi kada ya tura wa wani. Kalmomin nawa ne, ba nasa ba. Abin da yake nasa shi ne tafiyar da ya yi zuwa Wurno ba wanda ya tilasta shi, da sunana da ya riƙe a bakinsa alhali faɗinsa zai wanke shi a idon gari, da shekara ukun da ya yi a sahun baya yana biyan laifin ƙanensa. Allah Ya jiƙan Yaya Bello da Malam Garba, Ya haskaka makwancinsu. Ni kuma mai karatu ya sa ni a addu'a, don mutum biyun da ya kamata in roƙa sun riga ni tafiya.