Igiyar da Sambo Ya Riƙe a Ƙasar Sin

Kakata Ladi ba ta taɓa kallon fim ba har ta koma ga Ubangiji, amma duk Kafanchan da kewaye ba a yi wanda ya san ƙasar Sin kamarta ba. Ta san inda rijiyoyinsu suke, ta san sarkin da ke fama da ciwon haƙori, ta san dalilin da ya sa suke cin abinci da tsinke: wai yawan faɗa ne ya kumbura musu yatsu. In ka yi mata gardama sai ta ce ka je ka dubo.

Danjuma ne ya jawo mana, ɗan ƙanen babana. Shi ya fara kai ni gidan bidiyo a bayan tashar jirgin ƙasa, inda ƙarar janareta ta fi ta fim ɗin, muka kalli 'yan Chana suna tashi sama kamar fara. Muka dawo gida muna tashi mu ma. A ranar farko muka fasa tulu, muka karya ƙafar kujera, zakaran gidanmu kuwa bai sake yarda da ɗan Adam ba har aka yanka shi. Kaka ta kira mu ta ce mu faɗa mata abin da ya shiga kanmu. Muka faɗa, muna nunawa da hannu da ƙafa.

"Wato mutum ya yi tsalle daga ƙasa ya sauka a kan bishiya, kuma ba maye ba ne?"

"Ba maye ba ne, Kaka. Horo ne."

"To ai tatsuniya ce. Ku zauna. Nawa ya fi nasu."

Lokacin citta ne, a farkon shekarun tasa'in. Gidanmu yana bakin gari, ta hanyar Gidan Waya, kuma duk wanda ya ci tuwon yamma a gidan nan sai ya biya da tsaga citta. A zube ta tuli guda kusa da wuta, kowa da 'yar wuƙarsa, a raba kowace gida biyu don a shanya da safe. Aiki ne mai sa mutum ya yi tunanin gudu daga gida. Da can Kaka tana rage mana shi da labaran kura da zomo, mu yi shiru mu saurara. Amma ƙasar Sin ba a shiga ta da shiru. Ta ce kowa ya zaɓi mutuminsa, ita kuma za ta riƙe sauran duniya: hanya, ruwan sama, mugaye, da masu sayar da abinci. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan ta taso daga Chana, ta sauka a tasha da kayanta." Mu amsa, "Ta ƙaraso, akwai wuri kusa da wuta."

Ni, Ishaya, na zama Chang mai salon agwagwa, wanda ke kai hari yana rangaji. Danjuma ya zama Wang mai takobi biyu, ya so uku aka ce ba shi da hannun riƙewa. Yayata Rifkatu ta zama gimbiyar da ta gudu daga fada da muciya, kuma da muciyar nan ta kashe mutanen da suka fi yawan jama'ar Zonkwa ranar kasuwa. In ka ce za ka yi wani abu mai wuya, Kaka ta ɗauki ɓarin citta ta jefa sama. In farin gefenta ya kalli sama, ka yi nasara. In bawo ne, sai dai ka yi haƙuri. Na taɓa cewa zan tsallake katanga, bawo ya fito, na faɗa tukunyar miyar wani limamin masu askakken kai, aka yi sati ana kirana Nama.

Doka ɗaya ce tak, kuma ko fasto bai isa ya sassauta ta ba: kowa da bakinsa. Ba ka yi wa mutumin wani magana, ba ka motsa masa hannu. In ka tashi fitsari, mutuminka ya tsaya kamar kututture sai ka dawo. Da aka aiki Rifkatu Manchok wurin gwaggonmu, gimbiya ta tsaya a tsakiyar kasuwar Sin da muciya a sama har tsuntsaye suka yi sheƙa a kanta.

Na huɗunmu shi ne Sambo. Rugarsu takan sauka a gonarmu bayan girbi, shanu su ci kara su bar mana taki, tun zamanin kakana ake haka. Sa'ana ne, siriri kamar tsinken tsire, ba ya dariya sai ya gama auna abin dariyar. Da farko daga bakin danga yake tsayawa yana saurare, har Kaka ta miƙa masa wuƙa ta ce a gidan nan kunne ma yana biyan haraji. Saboda shi ta bar yarenmu ta koma ba da labarin da Hausa, irin Hausarta da ta mayar da kowa namiji, har Rifkatu.

Aka ce ya zaɓi suna da makami. Ya ce sunansa Sambo a can ma. Makami kuwa dangwali, igiyar da suke ɗaure maruƙa.

Danjuma ya ce, "Kai, Bafillace, a Chana ake. Ba a zuwa da igiyar shanu."

"Ba su da shanu?"

Duk muka juya wurin Kaka. Ta yi ɗan tunani kamar mai tuno wata tafiya da ta yi. "Akwai. Gajeru ne, amma akwai."

Labarin kansa ga shi a taƙaice. Wani janar mai baƙar gira ya ɗure idon ruwan wani ƙauye a cikin gora ya haye da shi kan Dutsen Girgije, wanda a bakin Kaka ya yi kama da dutsen Kagoro sosai, sai dai an ɗora masa wani a kai. Gonaki suka bushe, mutane suka koma lasar raɓa. Mu aka aika mu dawo da ruwan. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke gulmar matafiya, muka kwana a masaukin wata tsohuwa mai sa maganin barci a kunu, muka yi faɗa da 'yan fashi a kan rufin ciyawa. Ni da Danjuma kullum mu ce za mu yi tsalle mu yi duka. Sambo sai ya ce, "Zan tsaya in duba sawu." Muna yi masa tsiya, amma sau da yawa sawun ne ke fitar da mu. Haka muka cinye cittar shekarar kusan duka ba mu sani ba. Babana ya ce da ya san haka ne da tuni ya kai mu gidan bidiyo da kansa.

Wata yamma muka iso gadar igiya da ke kan kwazazzabo, ƙasa kogi ne da ba a jin ƙararsa don nisa. Muna tsakiya mutanen janar suka sare gadar. Kaka ta jefa wa kowa citta. Ni bawo. Rifkatu bawo. Danjuma bawo, ya ce iska ce, aka ce ya yi shiru. Sambo fari. Ya dira a bakin dutse, ya ce ya jefa mana dangwali, citta ta yarda, muka cafke mu uku muna lilo.

Kaka ta ajiye wuƙa. "Sambo, nauyin su ya fi bijimi. Ishaya kaɗai ya ci tuwon mutum uku. Igiya yana yanka hannun ka, mugaye suna zuwa a bayan ka. Me za ka yi?"

Ya buɗe baki ke nan yayansa ya ƙwala masa kira daga gona, wata saniya na naƙuda. Ya miƙe yana kaɗe wando.

"Faɗi mana kafin ka tafi," in ji Rifkatu.

"Gobe."

Na ce, "Sambo, hannuna ya gaji."

"Ku ɗan sha iska a can," ya ce. Ranar ya yi dariya ba tare da ya auna ba, ya tsallake danga ya tafi.

Washegari gari ya rikice. Ba zan ba ku labarin wannan ba, duk wanda ya zauna a yankin nan yana da nasa, kuma ba a taɓa samun biyu da suka zo daidai ba. Abin da na gani shi ne hayaƙi ta wajen kasuwa, da babana ya dawo a ƙafa babu takalmi ɗaya, da mata suna ɗaure kaya a zani. Muka yi kwanaki a harabar coci, ana addu'a ana ƙirga yara. Da muka dawo gida na zarce gona. Babu ruga. Sai da'irar kashin shanu, da turaku a kafe, da tokar da ta riga ta huce. Ba wanda ya ga tafiyarsu, ko kuma ba wanda ya yarda ya gani.

Sauran citta tana nan tana jira, don ita ba ruwanta da rikici. Muka zauna. Kaka ba ta ce ga ta nan ba. Ni na fara.

"Kaka, ki ce Sambo ya jawo mu. Ai jawo mu zai yi."

"Ya gaya maka?"

"Na san shi."

"To ka san shi. Ni ban ji daga bakin shi ba."

Rifkatu ta ce za ta hau igiyar da kanta. Kaka ta ce in ta hau igiya za ta girgiza, kuma sai mai riƙewa ya faɗi ko zai ƙara dafewa. Na ce gaggafa ta zo ta ɗauke mu, ta ce gaggafar ƙasar Sin ba ta ɗaukar mai cin tuwon mutum uku. Na ce a jefa citta a madadinsa. Ta ce citta tana faɗin ko abu ya yiwu ne, ba ta faɗin abin da mutum ya yi niyya. Duk ƙofar da muka taɓa a rufe take, kuma mu muka taya ta gina gidan.

Can sai Danjuma ya daina tsaga citta. A kwanakin nan an ƙone shagon ɗinkin babansa, kuma ya ji abin da manya ke faɗa a harabar coci. Ya soka wuƙarsa a ƙasa.

"Ya saki. Ku daina wahala. Haka suke, su ci da kai su sake ka."

Ban taɓa ganin Kaka ta yi fushi a bakin wuta ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta dube shi kawai, ta ce, "Wannan ma bai faɗa ba."

"To ni na saki. Wannan bakina ne ko?"

"Bakin ka ne."

Ta jefa citta. Bawo. Wang mai takobi biyu ya faɗa kogin da ba a jin ƙararsa, Danjuma ya tashi ya shige ɗaki, bai ƙara zama da mu ba. Muka rage ni da Rifkatu, muna tsaga citta muna lilo.

Na nemi Sambo iyakar neman yaro mara kuɗin mota. Duk mai tallar nono da ta shigo unguwa sai na tare ta. Matsalar ita ce rabin Fulanin duniya sunansu Sambo, sauran rabin kuma suna da wa mai sunan. Wata ta ce sun yi Bauchi, wata ta ce kudu, wata ta ɗauke ƙwaryarta ta ƙara sauri. Kaka ta yarda mu buɗe sabon labari da sababbin mutane. Muka gwada yamma ɗaya, bai yi daɗi ba, kamar ka ci abinci alhali an bar wani a waje. Shekara ta juyo, aka girbe dawa, kara ya bushe a gona ba wanda ya ci.

Ina makarantar horon malamai a Gidan Waya ciwon ƙarshe ya kama Kaka. Na zo na zauna a bakin gadonta, na ce tunda dai babu kowa, ta faɗa mini me ke kan dutsen, da yadda za mu karɓo ruwan.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ina na sani? Ku kuke faɗa, ni ina bi a baya ina share hanya."

"To Sambo fa?"

"In ka gan shi, ka tambaye shi."

Da ina yaro na ɗauka taurin kai ne na tsofaffi. Sai da na girma, na zauna a wuraren makoki da tarurrukan sulhu, na ji yadda kowa ya iya faɗin abin da ke zuciyar waɗanda ba sa wurin, masu cewa mugaye ne da masu cewa 'yan uwa ne, duk da tabbaci ɗaya. Ni kaina gwani ne, ku tambayi matata, ina iya ba ka labarin abin da gwamna ya yi mafarki jiya. Amma wannan guda ɗaya an ɗaure mini baki a kansa. Kaka ta hana Danjuma ƙiyayyarsa, ni kuma ta hana ni ta'aziyyata, kuma har yau ban tabbata wanne ya fi zafi ba.

Bara muna dawowa daga biki ta hanyar Zonkwa, garke ya tare titi. Direba ya ɗaga gilas, ya danna makulli, kamar yadda kowa ke yi yanzu, ni ma ban hana shi ba. Mai korar shanun siriri ne, gemunsa ya fara fari. Ya zo daidai tagata ya tsaya, ya dube ni ya daɗe, irin duban mai auna abu. Wataƙila tumbina yake kallo, mutane da yawa suna tsayawa su kalla. Bakinsa ya motsa. Kafin hannuna ya sami abin sauke gilas saniyar ƙarshe ta haye, direba ya taka mota.

Matata ta ce, "Ka san shi ne? Me ya ce?"

Ina da amsoshi masu daɗi cike da baki, kuma ba wanda zai kama ni.

Na ce, "Ban ji ba."