Badaru da Taswirar Tudun Fulani

Jirgin ƙasa ne ya kawo kakan Badaru Minna daga Kano, ya sauka da buhun kayan ƙira, bai sake komawa ba. Ubansa gyaran agogo ya yi a bakin tasha har idonsa ya gaza. Shi kuwa Badaru da ya taso sai ya kama gyaran rediyo da talabijin, ya buɗe ɗan shago a Tudun Fulani, jikin gidan da yake haya da matarsa Lailatu.

Mutum ne mara hayaniya, siriri, mai tafiya a gefen hanya. Ko musun ƙwallo aka fara a majalisa, da murya ta ɗaga zai sulale. Tun yana ƙarami ya taɓa ganin an rufe wani da duka a kasuwa kan zargin sata, daga nan taro ya fita ransa. Lailatu kan yi masa tsiya cewa ko kazar Sallah sai an kira maƙwabci ya yanka.

Yana saurayi wani ma'aikacin wuta daga Shiroro ya kawo masa wani baƙin akwati mai sanda ɗaya, ya ce gem ne, wato na'urar wasa, na 'ya'yansa, a duba. Badaru ya gyara, ya jona a talabijin don gwaji, sai ga wasu 'yan ɗigogi suna bin umarnin hannunsa. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Tun daga nan ya shiga tara su. 'Yan gwangwan duk sun san shi, in suka tsinci Atari ko Sega ko Nintendo a bola, ba sa fasawa sai sun biyo ta shagonsa. Ya cika ƙuryar shagon da su, kowanne a lulluɓe da tsohon zanen Lailatu, ga kaset-kaset na gem a kwalin taliya, ga wayoyi a rataye kamar igiyar shanya. Da wayar hannu da talabijin mai faɗi suka kashe masa kasuwa, sai ya koma gyaran fanka da dutsen guga da fitilar sola, amma ƙuryar nan bai taɓa rage ta ba.

Wadda ya fi ƙauna wata 'yar kwamfuta ce mai madannan roba, da ya samo lokacin da aka rufe wata makarantar koyon buga rubutu a Tunga. Ba ta da allo, a talabijin ake jona ta, kuma a kaset irin na waƙa take ajiye abin da aka rubuta mata. Ta zo da littafinta. Da ɗan Turancinsa na sakandare ya yi ta fama, shekara da shekaru, har ya iya rubuta mata umarni layi bayan layi. A ƙarshe ya ƙirƙiri wasansa na kansa: mai keke mai ƙafa uku yana zaga unguwa yana ɗaukar fasinja. Duk gidan da fasinja ke jira sai jan ɗigo ya riƙa ƙiftawa a kai, mai wasa ya ruga kafin lokaci ya ƙare, yana kauce wa kwata da awaki. Da yake ba wata unguwa da ya sani kamar tasa, sai ya zana Tudun Fulani yadda take, masallaci a inda yake, coci a inda take, injin niƙa, famfon burtsatse, lungu-lungu.

Ana haka ƙasa ta rikice. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyuka, mutane suka yi ta kwararowa Minna da tabarmi da tukwane. Ko'ina ka zauna maganar infoma ake, masu tsegunta wa ɓarayin daji wa ke da shi, ina yake kwana. Sai kuma abin ya taɓa unguwar: aka ɗauke Alhaji Muttaka, mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure, a hanyarsa ta dawowa daga cin kasuwar ƙauye. Gidansa na bayan injin niƙa.

Kafin hakan da 'yan kwanaki, wani ɗan acaɓa ya kawo fanka, yana jira ya leƙa ƙurya, ya ga taswirar unguwa a talabijin da jan ɗigo yana ƙiftawa. Da aka ɗauke Alhaji sai ya rantse wa abokansa cewa a kan gidan Alhajin ya ga ɗigon. Badaru bai san ana yi ba. Ya dai lura gaisuwa ta ragu, kuma an zo an karɓe wani dutsen guga ba a gyara ba.

Wata Laraba bayan azahar, Magdalene mai shagon kayan masarufi a gefensa, wadda kowa ke kira Maman Wisdom, ta faɗo shagon ba sallama.

"Malam Badaru, ka ji abin da ana faɗi? An ce kai ne ka nuna gidan Alhaji. An ce kana da na'ura yana magana da mutanen daji. Suna taruwa a wajen famfo."

Ƙarfen narka dalma ya suɓuce daga hannunsa.

"Wace na'ura, Maman Wisdom?"

"Wannan kekenka mana! Wannan na akuya!"

Ya yi tunanin gudu, amma ta ina? Lailatu na cikin gida, kuma wanda ya gudu ai ya amsa laifi. Kafin ya yanke shawara ya jiyo su. Da farko kamar hayaniyar tashin makaranta, sannan ya fara rarrabe kalmomi. "Infoma!" "A fito da shi!" Wani kuma, da wata murya da Badaru ya sani sarai, domin ya sha gyara masa rediyo, ya ce a kawo taya.

Dutse ya fasa gilashin da yake jera fitilu. Lailatu ta fito da hijabi a karkace tana salati, ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa, Maman Wisdom ta tsaya kusa da ita. Allah ya sa Kudu, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya riga taron isowa da mutanensa biyu. Tsohon mafarauci ne, gajere, mai kaurin wuya. Suka tare ƙofa da gora. Jim kaɗan ga mai unguwa Garba yana haki, yana ɗaga sanda yana cewa a yi wa Allah a tsaya.

Kudu ya shigo, ya dubi Badaru sama da ƙasa.

"Badaru, ni ban zo wasa ba. Mutanen nan ba zan iya riƙe su har la'asar ba. Ina abin yake?"

Badaru ya kai su ƙurya. Da Kudu ya fara yaye zannuwan, shi kansa Badaru sai ya ga ɗakin da idon baƙo: akwatuna baƙaƙe da farare, wayoyi ko'ina, allunan lantarki tsirara. Mai unguwa ya ja da baya yana "Subhanallahi." Kudu ya ɗauki wani kaset, ya karanta abin da ke jiki da ƙarfi: "Tudun Fulani."

"Ranka ya daɗe, wasa ne," in ji Badaru, yana duban mai unguwa. "Wallahi wasa ne. Kwamfutar ko layin waya ba ta da shi. Ta girmi wayar hannu."

"To kunna mu gani," in ji mai unguwa. "Amma a waje. In a ɗaki ne za su ce mun rufa maka asiri."

Aka fito da tebur bakin ƙofa, aka ɗora talabijin da kwamfutar da rediyo mai kaset. Badaru bai ɗaga kai ba, ƙafafu kawai yake gani, silifa da takalma, da wata taya a jingine da ƙafar wani. Sai da ya yi ta lalube kafin filogi ya shiga soket. Ya danna kaset.

Irin wannan kwamfuta, in tana karanta kaset, wani tsuwwa take yi mai tsinin gaske, kamar gyare da yawa a cikin gwangwani. Badaru ya saba da shi har yana jin daɗinsa, bai taɓa tunanin yadda zai faɗa a kunnen wani ba. Taron ya yi baya a lokaci guda, sannan ya dawo da ƙarfi.

"Kun ji ko! Yana kiran su!"

"A kashe! A kashe!"

Wani ya miƙo hannu ta kan gora ya ci kwalar Badaru, rigar ta yage har kafaɗa. Kudu ya doke hannun. Ana cikin wannan sai tsuwwar ta yanke, wasu kalmomi suka fito a ƙasan talabijin. Karatun ya ƙi. Tsohon kaset ya saba yin haka, amma Badaru ji ya yi kamar an karanta masa hukunci.

"Ya goge!" wani ya yi ihu. "Ya ɓoye shaida!"

"Baba, a ba ni dama sau ɗaya," Badaru ya ce wa mai unguwa. "Kan rediyon ne ya goce."

Akwai wani ɗan noti da ake juyawa kaɗan. Ya ɗauki siririyar sukudireba, amma bakinta sai zamewa yake. Gumi ya shiga idonsa. Lailatu ta matso, ta riƙe masa rediyon da hannu biyu, ta ce a hankali, "Malam, yi bisimilla. Ni kaɗai ce a nan." Ya juya notin, ya mayar da kaset baya, ya sake dannawa. Tsuwwar ta dawo. Mai unguwa ya ɗaga sanda, aka yi shiru irin wanda ba ya daɗewa. Badaru ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, wasu ma rabi-rabi.

Taswirar ta fito. Mutane suka yi ta nuni, ga masallaci, ga injin niƙa, ga lungunmu. Jan ɗigon ya fara ƙiftawa, kuma da yake kwamfutar ce ke zaɓen gida yadda ta ga dama, sai ta zaɓi gidan mai unguwa.

Dattijon ya dubi talabijin, ya dubi Badaru. Fuskarsa ta canza. Badaru ya dafa tebur.

Maman Wisdom ce ta ture shi gefe ta ja kujera.

"Baba, fasinja ne yana jira a gidanka. Bari na je na ɗauko shi. Kullum in ba kasuwa ina buga wannan abu."

Ta ɗora yatsunta masu ƙanshin sabulu a kan madannan. Wani ɗan rawayan akwati, wato keken, ya fito daga wajen famfo, ya bi lungu, ya sha kwana, ya yi karo da farin ɗigo. Kwamfutar ta yi wani kuka da Badaru ya daɗe yana gyarawa don ya yi kama da na akuya. Wata mata a baya ta tuntsire da dariya, ta toshe baki. Maman Wisdom ta ja tsaki, ta sake tafiya, ta isa gidan mai unguwa. Jan ɗigon ya ɓace, ya bayyana a kan coci. Ta isa coci, ya koma gidan mai wanki. Daga nan ya faɗa kan shagon Badaru kansa.

Ba wanda ya ce an yi kuskure. Na baya dai suka fara zamewa, wanda ya zo da taya ya gangara da ita kamar dama hanya ce ta biyo da shi. Amma wasu suka tsaya suna cewa wayo ne, wasan rufin asiri ne. Don haka Kudu ya ce dole a kai kayan da mai kayan wurin hukuma, ko don a tsira da ransa. Aka sa shi a keke tsakanin 'yan sintiri biyu, kwamfutar a cinyarsa. A can aka yi ta tambayarsa, aka sa ya sake kunnawa, aka bincike wayarsa, mai unguwa ya tsaya masa, aka sake shi. Da ya dawo ya tarar, a cikin turmutsitsin, an tattake kwalin kaset ɗin gem, an yi gaba da Sega guda biyu.

Bayan wasu makonni Alhaji Muttaka ya dawo, ya rame, ƙafafu a kumbure. Ya ce tare hanya aka yi, motar gaba ɗaya aka kwashe, ba wanda ya san sunansa sai da ya faɗa da bakinsa. Ya aiko a gaida Badaru. Kudu ma ya zo ya zauna a shagon, ya ce aikinsu ne ya gaji haka. Sauran kuwa sai suka ci gaba da kawo fanka kamar ba abin da ya faru, har da mai maganar taya.

Badaru ya karɓa ya gyara, amma barci ya ƙaurace masa. In yara suka taso daga makaranta da ihu, sai ya tsinci kansa a tsaye, zuciya na dukan uku-uku. In mutum biyu suka tsaya a ƙofar shago suna magana ƙasa-ƙasa, aikin hannunsa ya lalace ke nan. Kafin damina ta fita Lailatu ta ce zaman ya isa, suka koma Tunga, kusa da yayanta.

Yana can yanzu, a wani ɗan shago bayan masu sayar da katifa. Gem ɗin na cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, ba ya nuna wa kowa sai wanda ya yarda da shi ƙwarai. Kaset ɗin Tudun Fulani kuwa ya goge wasan, ya naɗi karatun wani malami a kansa. Ya fara rubuta wani wasan, na masunci a kwalekwale yana jefa taru, ruwa ne kawai da kifi da kada. Ya rage ƙarar rediyon har sai ya kanga kunne yake jin tsuwwar. Lailatu ta ce kadan ya fi kama da ƙadangare, shi ma ya yarda, yana nan yana gyara wutsiyar.