Layin da Sabi'u Ya Goge

Sabi'u mutumin Zoza ne, ɗan makiyaya, amma kwamfuta ce ta zame masa sana'a. Shi ke kula da saba, wato babbar na'urar da ke riƙe da sauran kwamfutoci, a cibiyar jarrabawa ta surukinsa Alhaji Halliru a Rogo. Mutum ne mai ƙyanƙyami: ko a gidan biki sai ya sake ɗauraye kofi.

Haka yake a wurin aiki. Ya rubuta jerin umarni da ke saita sabar da kansa, amma kafin jerin ya taɓa komai sai ya duba manhajar da ke ciki. In sabuwa ce ya ci gaba, in tsohuwa ce ya tsallake, ya nuna ja.

Abin da ke tayar masa da zuciya shi ne aro. Duk ranar da masu duba cibiya za su zo, Alhaji sai ya aiko da sabuwar saba daga wurin abokinsa a Karaye, kamar mai aron babbar riga. Suna juya baya a mayar, a jona tsohuwar. Tir da wannan hali!

Bana kuwa matarsa Suwaiba, 'yar Alhajin, a nan za ta zauna jarrabawar shiga kwalejin jinya, bayan ta sha karatu da goyo a baya.

Ana jibi jarrabawa Alhaji ya leƙo, ya ga allo ja wur.

"Malam, mene ne wannan?"

"Baba, manhajar ce ta tsufa, shi ya sa ya ƙi."

"To cire abin da ke sa shi ƙin. Kore nake son gani."

Wa ke musu da suruki? Sabi'u ya sunkuyar da kai, ya goge layin sharaɗin duba manhajar. Komai ya yi kore shar.

Ranar jarrabawa, ana cikin amsa tambayoyi sabar ta sume, ba ta farfaɗo ba. Aka ce kowa sai baɗi.

Suwaiba ta fito, ta same shi a baranda. Ba ta yi kuka ba.

"Maigida, ba kai ka ce abin naka ba ya aiki sai ya bincika ba?"

"Baba ne ya ce..."

"Baba bai san layin ba," in ji ta. "Kai ka san shi."