Keken Baba da Faifan Kuran

Shekarar da sanyin ƙashi ya hana Baba tayar da motonsa mai ƙafa biyu, ƙanena mai koyon aikin kuran, wato wutar lantarki, a Damagaram ya kawo masa keke mai batir. Gonarmu tana hanyar Bande, da ɗan nisa daga Magariya, kuma Baba bai taɓa yarda wani ya riga shi jefa iri a cikinta ba. Fargabarsa ke nan, kada ruwan shuka ya sauka yana zaune a gida.

Yatsunsa ba sa iya cusa kan waya a ramin batir. Sai ƙanena ya haɗo wani abu mai kama da faifai, ya ajiye a ƙasan rumfa, ya jona shi da batirin panno mai zuƙar hasken rana. Wai a tsayar da keken a kansa kawai, wuta ta shiga. Ni fa dariya na yi. Na durƙusa na zura hannu tsakanin faifan da cikin keken, ko ɗumi ban ji ba.

"Kai, wa za ka yi wa wayo? Ta ina take bi?"

Ya ce, "Yaya, wayar jan ƙarfe ce a nannaɗe a ciki. Kuran na kai da komo a cikinta, sai ya ta da ƙarfin maganaɗisu. Akwai irinta a jikin keken, ita ke kamawa ta mayar da shi kuran."

Ban gane duka ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Kullum sai na leƙa in ga 'yar fitilar ta koma koriya.

Wata la'asar, Baba ya dawo daga gona ke nan batir ya kusa ƙarewa, hadari ya taso. Muka shiga kwashe kaya kamar yadda aka saba. Inna ta ɗauke faifan, ta goge shi tas, ta ɗora kan akwati a ɗakinta, wayarsa na biye. Keken kuma aka tura zaure.

Da safe ƙasa ta jiƙu sharkaf. Baba ya ɗaure jakarsa ta irin gero a baya, ya hau, keke ya ce ban san zance ba. Gwiwarsa kuwa ba ta tuƙi.

Inna ta riƙe baki. "To ba an ce ba ruwansa da waya ba? Rediyo ma daga Yamai yake kamowa, balle daga ɗaki zuwa zaure!"

Wallahi ni ma haka na ɗauka. Na kira ƙanena ina faɗa, ya ce sai suna saitin juna, kuma kada tsakaninsu ya wuce faɗin hannu.

Muka mayar da faifan. Na ce in kira ɗan kabu-kabu, Baba ya harare ni.

"A ɗora ni kamar buhu?"

Ya zauna a gaban keken ya zuba wa fitilar ido, rana na ɗagawa. Ya ba ni tausayi ƙwarai. 'Ya'yan ƙaninsa suna can gona suna jira, suka ga ƙasa za ta sha iska, suka fara da irinsu. Da ya isa bayan azahar, sun gama.

Ya dawo da jakar ko kwance ta bai yi ba. Ya miƙa wa Inna.

"Ki daka, a yi fura."