Ranar Da Aka Share Shagon Injiniya

Tun yana saurayi yake gyaran rediyo da fanka a wani shago mai faɗin tabarma biyu, har unguwa ta manta sunansa, sai dai Injiniya. Shagon kuwa, ko kyanwa ta shiga sai ta fito da waya a wuya. Noti a gwangwanin madara, sukudireba cikin tsohon takalmi, fis a aljihun wata riga da ke rataye tun matarsa tana raye.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idonsa ya daɗe da tafiya, dishi-dishi kawai yake gani. Hannu ke yi masa aiki, don ya san inda ya jefa kowane abu. Yana ɓoyewa ne saboda tsoro. Ranar da aka gane, ko tocila ba mai sake kawo masa, 'ya'yansa kuma za su ajiye shi a gida kamar tsohuwar kujera.

Autarsa, ma'aikaciyar jinya, takan tsaya a ƙofar shagon ta ce wannan ai keyos ne. Da ya tambaya, ta ce Turanci ne, wato hargitsi, wurin da ba kai ba gindi. Kalmar ta burge shi, har yana jifan tela maƙwabcinsa da ita.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Don ta faranta masa, Auta ta share shagon tas, ta zubar da takalmin, ta jera komai a robobi iri ɗaya, kowace da sunan abin da ke ciki.

Ranar da ya koma, tana gefe tana jiran yabo, wata mata ta kawo dutsen guga. Ya miƙa hannu inda takalmin yake a da, ya kamo iska. Ya yi ta lalube har ya ture wata roba, notuna suka watse a ƙasa.

"Baba, ga sukudireba a gabanka, na rubuta da manyan baƙaƙe," in ji Auta.

Ya juyo wajen muryarta, amma bango yake kallo. Nan ta gane ba ya gani. Matar ta ɗauki dutsen gugarta a hankali, ta ce za ta dawo, kowa kuma ya san ba za ta dawo ba.

Ya zaro makullin shagon daga aljihu, ya miƙa shi gefen da ba kowa.

"Auta, yau na gane kalmar nan taki. Kama hannuna mu tafi gida."