Ɗinkin Baba a Kan Makullin Mota

Makullin motata bai yi kama da na kowa ba a Villeurbanne, unguwarmu da ke gefen Lyon. Na mutane baƙar roba ce mai maɓallai, nawa kuwa jar fata ce ta Damagaram, ɗinke ruf, da ɗan layin tsanwa a gefe. Abokan aikina sukan ɗauke shi daga kan tebur su jujjuya, su sunsuna, su tambaye ni kantin da na saya. Ni kuwa sai in gyara zama in ce ba a sayar da irinsa. Ina da wannan ɗan fankamar, kuma ba ni da niyyar dainawa.

Mahaifina baduku ne. Wata shekara na je hutu gida, makullin ya bi ni a aljihun wando har Damagaram, alhali motar tana ajiye a ƙarƙashin benenmu. Lokacin idon Baba ya riga ya fara dishi-dishi, ya daɗe bai taɓa basilla ba. Ina zaune kusa da shi a kan tabarma abin ya faɗo, ya laluba ya ɗauka, ya shafa shi gaba da baya.

"Wannan fa?"

Na ce makullin mota ne.

"Haka kake yawo da shi tsirara?"

Ya jefa shi a aljihun rigarsa, bai sake tayar da maganar ba. Sai ranar da zan dawo ya miƙo mini. Irin ɗinkin da ake yi wa laya ya yi masa, ba baki ba ƙofa. A kan kowane maɓalli ya danne fatar ta yi ɗan tudu, don yatsa ya gane wurin. Ina karɓa na san akwai rigima a gaba, domin abin nan pil yake ci, wato ɗan batir, pil kuwa dole wata rana ya mutu. Amma na dubi fuskar tsohon, na dubi yatsunsa da basilla ta sossoke, sai na ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba." Shi ne ɗinkinsa na ƙarshe. Daga shi ya tattara kayan aikin ya ba ɗan ƙanensa.

Makullin ya yi mini aiki lafiya lau har na manta da zancen. Daga baya ya fara nauyin kunne. Da can tun daga ƙofar gida nake dannawa motar ta ƙyafta fitilu, sai ya zama sai na matso. Daga nan sai na danna na sake dannawa. Mai ɗakina ta lura, ta ce in yi wani abu a kai. Na ce sanyi ne, in bazara ta shigo zai warware. Na san ba sanyi ba ne.

A Aubervilliers, can gefen Paris, ya yi mini tsiyar. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da ɗan shago a can cikin manyan rumbunan ƴan sari, inda yake tara kaya yana aikawa gida. Na tuƙo daga Lyon wata Asabar don in gaishe shi, in kuma kwaso tukwane da labulen da mai ɗakina ta daɗe tana yi mini mita a kansu. Muka ci shinkafa, muka yi azahar, muka fito da kwalaye bakin mota. Na danna. Shiru.

Ba abin da ban gwada ba. Na manna shi a hannun ƙofa na danna. Na zaga ta wajen direba, na zaga ta baya. Na murza shi a tafin hannu don ya yi ɗumi, na cusa shi a hammata. Na cire wayata daga aljihu na ba Kawu ya yi nesa da ita, ko ita ce take tare masa hanya. Wani ɗan dako da yake wucewa da amalanke ya ce in ɗora shi a haɓata in danna, wai kan mutum yana ƙara masa ƙarfi. Na ɗora, ni da furfurata, a tsakiyar titi. Motar ko gezau.

Kawu ya gaji da kallo. Ya ce, "Bon, ɗana, pil ne ya mutu, kai ma ka sani. Ba akwai ƙaramin makulli na ƙarhe cikin cikinshi ba?"

Akwai. Yana cikin robar, robar tana cikin fata, fatar kuwa Baba ya rufe ta.

Sai ya zaro wuƙar da yake yanka kwali da ita, ya miƙo hannu. Na mayar da makullin aljihu na dafe. Na ce zan hau jirgin ƙasa in je Lyon in ɗauko ɗaya makullin.

"Ka tahi Lyon, ka komo Paris, ka sake komawa Lyon, don kar a taɓa hwatar akuya?"

Raina ya ɓaci, na kuwa ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Kawu, wannan hannun Baba ne. Ba zai sake ɗinka wani ba."

Na koma gefe na kira mai ɗakina. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce ɗaya makullin ai tun tashinmu daga Vaulx-en-Velin ba ta sake sa shi a ido ba. Na zauna a kan kwalin tukwane, na rasa abin da yake mini daɗi.

Ina nan zaune sai na ji muryar Baba. Ashe Kawu ya kira shi, ya buɗe wayar kowa na ji. Suka yi gaisuwarsu a tsanake, gida da iyali da zafi da kasuwa, kamar ba mota a kulle a gabanmu. Sai da suka ƙare tas Kawu ya ce, "Malam, ɗanka ne nan ya ƙi a yanka ɗinkinka, ya gwammace ya kwana a titi." Ya zayyana masa komai.

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji irinta ba.

"To wa ya gaya mini abin yana cin abinci? Da na bar mishi baki! Ba ni shi nan. Kai, kana jina? Kar ka taɓa hwatar. Zaren za ka yanke, ta gefen da tsanwar take. Aikin ai hudar ce, zare kowa na iya sawa. In ka gama ka bi hudata."

Kawu ya tafi kantin taba ya sayo pil, ɗan faifai kamar maɓallin riga, ya biya ta shagon maƙwabcinsa mai sarin jakunkuna ya aro allura da zare mai ƙarfi. Ni na riƙe wuƙar. Na tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya har fatar ta buɗe, warin jima ya taso kamar yau aka fito da ita daga rumfar Baba. Na ɓalle robar, na cire tsohon pil, na sa sabo. Ina dannawa motar ta ƙyafta fitilu ta yi ƴar ƙararta. Kawu ya ce, "Allahu Akbar, ta tashi!" Baba ya ce shi ma ya ji.

Da na juya cikin fatar don in fara ɗinki sai na ga abin da ba a gani daga waje. A farko hudar tana tafiya a jere, tsaf. Can wajen kwana ta fara karkacewa, wani wurin ya huda ya kuskure, ya sake hudawa kusa da shi, ya ɓoye kuskuren a ƙarƙashin ninki. Da lalube ya ƙarasa shi. Ƙwalla ta cika mini ido, na sunkuyar da kai ina ta fama da zura zare. Kawu ya gani, ya juya yana gyara kwalaye.

Na bi hudar ɗaya bayan ɗaya, Baba yana kan waya yana tambaya ko na ja zaren da kyau. Da na iso ƙarshe ya ce, "Shi pil ɗin nan, kwana nawa yake yi?"

Na ce yakan yi ƴan shekaru.

Sai ya ce, "To buɗe kunnenka ka koyi ƙullin da kyau, don ba kullum za ka kira ka same ni ba."

Ya faɗa mini sannu a hankali: a mayar da allura baya huda biyu, a zagaya, a bi ta ƙarƙashi, a ja, a ɓoye bakin zaren a ciki. Na yi yadda ya ce. Ɗinkina ya fito a ɗan karkace, baƙin zare a kan jar fata, amma ya kama gam. Na ba Kawu haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi, ya ce in tafi can, ya cusa mini ledar dabino a mota. Na kama hanyar Lyon da sauran rana, tukwane suna ta ƙara a baya, zuciyata wasai.

Ƙullin nan ya zauna mini a kai tun ranar, ko idona a rufe zan yi shi. Bara pil ɗin ya sake mutuwa, wannan karon a ƙofar gida. Na zauna a kicin da allura da zare, na kira Damagaram, Baba ya ɗauka. Bayan gaisuwa na ce masa na manta yadda ake ƙullin.

Ya ce, "Maƙaryacin banza." Sannan ya gyara murya, ya faro mini daga farko.