Sulhun da Aka Yi a Bakin Kwano

Wata Laraba ce bayan la'asar, a shekarun farko na dawowar shari'ar Musulunci a jiharmu. Mu uku ne a ɗakin: shugaban kwamitin ladabtarwa na reshen ƙungiyar lauyoyi, wanda ya zo daga Katsina, da ni a matsayin ɗan kwamiti, da lauyan da ake ƙara. Wannan lauya abokina ne tun firamare.

Wa da ƙane daga Mai'adua ke shari'ar gonar gado. Abokina yana tsaya wa wan, ƙanen kuma yana da nasa lauya. Wata rana ƙanen ya yi sallama a gidan abokina daidai an fito da tuwo. Aka matsa masa wuri, ya sa hannu a tuwon. Kafin a ɗauke kwano ya yarda a raba gonar, aka aika aka kira wan. Alƙali ya yaba da sulhun. Lauyan ƙanen, wanda sai a kotu ya ji labari, ya kawo mana ƙara.

Ƙa'idar aikinmu a fili take: ba a tattauna shari'a da ɗaya ɓangaren a bayan lauyansa. In muka tura maganar zuwa hedikwata a Abuja, ana iya dakatar da abokina daga aiki.

"Ranka ya daɗe," in ji abokina, "in kore shi da loma a hannu? A Daura?"

"Ka yanka masa rago ma, Barista," in ji shugaba. "Maganar gonar ce ba a cikin kwanon take ba."

Abokina ya juyo gare ni. "Kai fa, mutumina? Ai ka sha cin tuwon gidana."

Na ce a rabon, fadamar gonar ta tafi ga wan, ƙanen ya tashi da tudun da ba ya riƙe ruwa, kuma da lauyansa yana wurin da ya hana. Na ce laifi ya tabbata, amma gargaɗi ya isa. Shugaba ya amince, ba a tura Abuja ba.

Na ɗauka na cece shi. A gari kuwa abin da aka ji shi ne na hukunta mutum don ya sasanta 'yan'uwa. Majalisar ƙofar gidansa, kusa da rijiyar Kusugu, ba wanda ya hana ni zuwa. In na zauna dai sai hira ta koma kan farashin gero har in tashi. Na koma zama a ofis da rediyo har magariba.

Ni da abokina muna gaisawa a kotu, da cikakkiyar gaisuwa. Da ɗansa ya gama karatun lauya, ofishin wani a Katsina ya kai shi koyon aiki, ba nawa ba.